Hayar jirgin tanga a Lamu: yadda muka kwana a teku, da ko ya cancanci kuɗinsa

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayata a kan jirgin ruwan nan da muka ɗauka haya a Lamu, musamman mutanenmu na nan yankin Haɗeja da Kirikasamma da suka ji labari a bakin Baffa Malam suka ce su ma in Allah ya hore za su je Maulidin baɗi, ga bayanin nan gaba ɗaya don ba zan iya bin kowa gida-gida ba, ga aikin fadama ya taso. A gajarce dai eh ya cancanci kuɗinsa, in maki ne zan ba su 8 cikin 10, amma fa ba kowane iri ba, na kwana nake nufi, kuma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba sam, ɗaya ma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ga wanda bai sani ba, Lamu tsibiri ne a tekun Indiya, can arewacin gaɓar Kenya wajen iyakar Somaliya, tsohon garin Musulmi ne sosai wanda UNESCO ta saka a jerin wuraren tarihi na duniya a 2001, lungunansa matsattsu mota ba ta shiga sai jaki, kuma Maulidinsu na masallacin Riyadha wanda Habib Swaleh ya kafa, wani sharifi da ya zo daga tsibiran Komoros, ya fi shekara 100 ana yinsa. Maulidin nan ne ya kai mu, ni da Baffa Malam da ɗan yayata da ke aiki a Mombasa da abokansa, shi ne ma tafintanmu don yana jin Suwahilanci. Daga Kano muka bi ta Addis Ababa zuwa Mombasa, sai ƙaramin jirgi zuwa tsibirin Manda don filin jirgin a can yake, daga nan a ƙetara da kai ta ruwa. Kar a manta katin rigakafin shawara.

Kana sauka bakin ruwa 'yan dillalai za su yanyame ka, kowa yana da jirgi kowa jirginsa ya fi na kowa. Haya iri biyu ce. Akwai ta yamma, a zaga da kai awa biyu ka ga faɗuwar rana a dawo da kai, wannan ta masu ɗaukar hoto ce kuma ni ban ga abin da mutumin da ya taso a bakin kogi zai ƙaru da shi a ciki ba. Sai ta kwana, ku ɗauki jirgin da ma'aikatansa da abincinku ku shiga tsakanin tsibiran, Manda da Pate da ƙananan da ke kewaye, inda dare ya yi a jefa anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri ɗaya, a kwana a kan ruwa. Ita muka ɗauka, 'yan kwanaki bayan an tashi daga Maulidi, kuma da muka raba kuɗin kason kowa bai kai na kwana a otal mai kyau ba, ga ci ga sha a ciki.

Jirgin na katako ne, mashuwa suke ce wa irinsa, a nan yankin ake sassaƙa su musamman wani ƙauye Matondoni, ana cusa auduga a tsakanin katakan a shafe da man kifin shak, warin nan zai dame ka ranar farko daga baya ka daina ji. Itace ɗaya ne a tsaye a tsakiya, sai wata doguwar sanda a karkace da aka ɗaura ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku, shi ne tanga, shi ke kama iska. Akwai injin Yamaha a baya amma nahoda, wato shugaban jirgin, ba ya son tayar da shi sai dole. Dattijo ne mai furfura ba ya yawan magana, yaransa su uku. In za a juya jirgin sai an kwance igiya an zagayo da sandar nan ta gaban itacen an kwashe buhunan yashi daga wannan gefe zuwa wancan, in iska ta yi ƙarfi kuma su zuro katako waje yaro ɗaya ya hau can ƙarshensa ya zauna a kan ruwa don kar jirgin ya kife, wallahi aiki ne na gaske, ni ɗan masunta ne a kwale-kwale na tashi amma na tsaya ina kallonsu da girmamawa. Kullum da asuba kuma sai an kwarfe ruwan da ya tsattsafo cikin dare, wannan ba lalacewa ba ce haka jirgin katako yake.

To abin da nake so mutanenmu su gane tun daga gida shi ne a can ba kai ke saka lokaci ba, ba ma nahoda ba, ruwa ne da iska. Mu kogin Haɗeja sau ɗaya yake cika a shekara, su kuma teku sau biyu take cikowa sau biyu take janyewa a kwana ɗaya, kusan awa shida-shida, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50, ga shi tana bin wata, in wata ya tsaya ko ya kai sha huɗu cikar ta fi ƙarfi har tsakanin cika da janyewa ya haura mita 3, in wata ya yi rabi kuma ruwan ya yi sanyin jiki. Dattijon nan ba ya duba waya, lissafin kwanan wata yake yi da yatsu ya ce ƙarfe kaza za mu tashi, wani lokaci cikin dare ne wani lokaci sai bayan azahar kuna zaune kun ƙosa. Akwai wata siririyar mashiga tsakanin Manda da babban yankin ƙasa, Mkanda, ta nan ake bi zuwa wajen Pate, itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri da suke kira mikoko sun rufe ta hagu da dama, muka zo bakinta ya ce a jefa anka a dafa shayi. Ɗaya daga abokan ɗan yayata ya fara ƙorafi wai an karɓi kuɗinmu ana ɓata mana lokaci, aka fassara wa dattijon, bai ce komai ba ya nuna masa wani jirgi can gaba da ya yi gaggawa ya zauna a kan taɓo, mutanen ciki suna ta fifita. Da ruwa ya ciko muka wuce su salin alin. Kana fita daga mashigar za ka hango sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu da aka buɗe a 2021, akwai sojojin ruwa a yankin don haka a riƙe fasfo a jiki kuma ba a ɗaukar hoto barkatai.

Iska ma biyu ce. Kaskazi daga arewa maso gabas, wajen Disamba zuwa Maris, teku ta kwanta ruwa ya yi garau. Kusi daga kudu, wajen Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi kuma tekun waje na hauka. Maulidi a shekarar da muka je a ƙarshen damina ya faɗo, lokacin da muka tafi an fara yankan gero a gida, ke nan cikin kusi muka je, tafiya arewa daɗi kamar me, dawowa kuma sai an yi ta karkata hagu da dama ana cin iska a fuska ruwa na fantsamo muku.

Amma inda na ga kuɗina ya halatta shi ne wajen jefa anka, nanga suke cewa. Wanda bai sani ba zai ɗauka kawai a wurga ƙarfe ne a ruwa a kwanta, ina! Tun la'asar dattijon yake fara neman wurin kwana, ba ya yarda magariba ta same shi yana nema. Sai ya sami bayan tsibiri inda tudu ya tare iska, yaro ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana kallon launin ruwa yana zura gora, in ruwan ya yi fari-fari kore yashi ne a ƙasa kuma shi ake so, in ya yi duhu-duhu ciyawar ruwa ce anka na zamewa a kanta, in ya yi ruwan ƙasa da dabbare-dabbare duwatsun murjani ne, nan ba ya jefawa ko kusa, na ɗaya ƙarfen zai maƙale igiya ta tsinke, na biyu ya ce gidan kifi ne in ka farfasa shi jikokinka me za su kama. Taɓon wajen mikoko ya fi komai riƙo amma sauro da wasu ƙananan ƙwari masu cizo ba za su bar ku ku runtsa ba, don haka yakan ja nesa kaɗan inda iska ke kaɗawa. In an saki ƙarfen ba a ɗaure nan take, sai a bar jirgin ya ja baya ana sakin igiya a hankali har ta kai ninki biyar zuwa bakwai na zurfin wurin, dalili ƙugiyar ba ta kama ƙasa sai an ja ta a kwance, in igiya ta yi gajarta ja ɗaya za ta tumɓuke. Kuma ba zurfin yanzu yake lissafawa ba, zurfin da ruwa zai kai in ya ciko tsakar dare, sannan ya duba in ya janye da asuba ba za mu zauna a kan dutse ba. Ya kan ɗora tafin ƙafarsa a kan igiyar ya yi shiru, in tana karkarwa ƙarfen na jan ƙasa ne a sake, in ta yi tsit ta kama.

Daga nan jirgin zama yake kamar akuya a turke, yana zagaya ƙarfen iya tsawon igiyarsa, ruwa na cikowa ya fuskanci nan, yana janyewa ya juya ya fuskanci can. Lokacin juyawar nan ne anka ke iya saki, kuma kowane dare in na farka sai in ga dattijon a zaune a goshin jirgi ba fitila a hannunsa, ya saita wata bishiya da wani tudu a bakin gaɓa yana duba ko sun gota. Ba wanda ya sa shi, ba wanda zai biya shi ƙari a kan haka, mu muna ta barci a kan katifu. Wannan ne abin da kake saye in ka ɗauki ta kwana, mutumin da zai hana idonsa barci saboda ranka, kuma ni a wajena ya fi duk tsibiran da aka nuna mana.

Juyawar nan ta shafi salla. Mu nan gabas muka sani, a Lamu kuwa alƙibla arewa take don Makka kusan saitinsu take ta sama, ga jirgi kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na tambayi Baffa Malam na ce Baffa yaya za mu yi, ya ce ɗana wanda zai iya tsayuwa ya tsaya, in jirgi ya juya ka juya da shi ka bi alƙibla, wanda jiri ya hana ya zauna, alwala kuma da ruwan teku ta halatta don hadisi ya tabbata cewa ruwanta mai tsarkakewa ne mushenta kuma halal. Ma'aikatan duk masallata ne, 'yan mazhabar Shafi'i, su suke nuna mana lokacin da ruwa ke tsayawa cak tsakanin cika da janyewa mu yi salla a natse, wata rana kuma suka sauke mu a wani tudun yashi fari tas da ke fitowa in ruwa ya janye, muka yi jam'i a kai, bayan awa kaɗan ruwa ya rufe wurin. A wannan fannin ban da abin cewa sai godiya, ba giya a jirgin ba kiɗan banza.

Abinci kuwa sun iya. Kurfoti ne na gawayi a cikin wani akwatin yashi, da safe shayi mai kayan ƙamshi da wani soyayyen burodi mahamri, da rana shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa da gasasshen kifi da aka kama yanzu-yanzu, don ana tafiya ana jan ƙugiya a baya, a matsa lemon tsami a zuba yankakken tumatir da albasa da barkono. Kifin teku ba ƙaya da yawa kuma ba ƙarnin taɓo, Baffa Malam da ba ya cin tarwaɗa sai da ya nemi ƙari. Sun kawo kaguwa da wata halitta mai hannu takwas, yaran sun ci ni ban iya ba. Abu ɗaya, kullum shinkafa ce, wanda cikinsa ya saba da tuwo ya tafi da garin kunu ko ƙuli-ƙuli da ɗan yaji daga gida. Wanka da ruwan gishiri ne sabulu ba ya kumfa, sai a ba ka kofi biyu na ruwan daɗi ka ɗauraye. Caji akwai ƙaramin sola, sabis yana kamawa kusa da garuruwa ya ɓace a lungu, waya kuma a saka ta a leda don gishirin nan yana cin ta.

Wuraren da aka kai mu ba zan ja ba. Takwa a Manda kufai ne na garin da aka watse wajen ƙarni na 17, an ce ruwan rijiyoyinsu ne ya koma gishiri, masallacin na nan da mihrabinsa. Siyu a Pate akwai tsohuwar ganuwa ta ƙarni na 19, ita ma sai da cikar ruwa ake shiga. Wanda ya taɓa ni shi ne Shanga, inda masu tonon tarihi suka gano masallacin da ya kai ƙarni na 8, ka tuna mu Kano sai zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 Wangarawa suka zo, Baffa Malam ya daɗe a tsaye a wurin yana addu'a.

Yanzu abin da ban so ba. Rigunan ceto. Ranar tashi na ce a nuna mini su, aka yi ta kame-kame, daga ƙarshe aka zaro 'yan kaɗan daga ƙarƙashin buhuna ba su kai yawanmu ba, wasu igiyarsu ta tsinke soson ciki ya fito. Da na yi magana sai babban yaron ya ce ai ba a taɓa samun matsala ba kuma su duk sun iya ruwa. Wannan maganar ita ce dai muke ji a bakin masu jirage a nan gida, kuma mu mun san inda take kaiwa, ba mu manta Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021 a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 yawancinsu yara 'yan Islamiyya, su ma Maulidi za su. Na ce wa ɗan yayata faɗa musu ba na hawa, Baffa ma ba ya hawa, sai kowa ya sami tasa. Ya ce Kawu a yi haƙuri kar a ga kamar mun raina su, na ce ba raini ba ne, iya ruwan kogi daban na teku daban, kuma dattijo mai shekara saba'in ba ya iyo ko a ina. Cikin rabin awa suka aro masu kyau daga wani jirgi, ke nan akwai su, sakaci ne kawai. Abin ya ba ni mamaki a ce mutumin da ke kwana a zaune saboda anka shi ne kuma bai damu da riga ba, kuma wannan ne ya rage musu maki a wajena.

Na biyu dillalin da ya haɗa mu ya yi mana alkawarin har Kiwayu za a kai mu, can arewa, ya karɓi kason sa ya ɓace, da muka shiga ruwa nahoda ya ce shi bai san da wannan magana ba kuma a cikin kusi ba zai fita da mu tekun waje ba ko nawa za a ba shi. Gaskiyarsa ce kuma na goyi bayansa, amma da an faɗa mana tun a tudu. Na uku banɗaki, wani ɗan akwati ne a rataye a bayan jirgi da labule, mu maza mun lallaɓa amma ban ga yadda za ka kai iyalinka a haka ba, sai dai a nemi babban jirgi mai ɗaki da kewaye na sosai, akwai su kuɗinsu ya fi. Inuwa ma sai an tsaya ake ɗaura rumfa, ana tafiya rana ce a kanka ga ƙyallin ruwa, a tafi da malafa. Masu jiri su sayi maganin amai tun a gari, biyu daga cikinmu sun sha wuya ranar dawowa.

Wanda zai je ya yi ciniki da nahoda da kansa ba da ɗan bakin ruwa ba, ya hau jirgin da rana ya ƙirga rigunan ceto da hannunsa ya gwada igiyoyinsu, ya ƙirga jarkokin ruwan sha ya sa a ƙara don namu saura kaɗan ya ƙare, a faɗi ko man inji da abinci da kuɗin shiga kufai suna cikin farashin, a ba da rabi a riƙe rabi sai an dawo, suna karɓar M-Pesa, wato tura kuɗi ta waya, suna karɓar shilin a hannu. Kar a saka tikitin jirgin sama a ranar da za a dawo daga ruwa, a bar kwana ɗaya a tsakani. Wanda kuma ba Maulidin ne ya kai shi ba, tekun kawai yake son gani da nutso a wajen murjani, ya bari sai Janairu ko Fabrairu lokacin kaskazi, ya zo daidai da an gama kai amfanin gona gida, kuma a lokacin ne nahoda zai yarda ya kai ku Kiwayu.